Zoɓo da Lalle a Farantin Hasken Rana

Tun shekarar 1991, sa'ad da Michael Grätzel da Brian O'Regan suka tabbatar cewa rini, in an shafa shi bisa gilashi da hikima, yana iya kama hasken rana ya mai da shi lantarki, masana ke ta bahasi kan rinin da ya fi dacewa; domin wanda aka fara da shi, na ƙarfen rutiniyam, tsada gare shi ainun, kuma ba ko'ina Allah Ya ajiye ma'adininsa ba. Wannan ne sababin da hankali ya koma ga tsirrai, har bincike ya iso kan zoɓo da lalle.

Aikin kuwa ba shi da wuyar fahimta. Akan shafa ƙullun farin garin titaniyam a gilashin da lantarki ke iya bi, a gasa, a tsoma cikin jiƙon zoɓo har ya sha ja, sa'an nan a kifa masa wani gilashin da aka turara da hayaƙin kyandir, a ɗiga ruwan aidin tsakaninsu. Da an fitar da shi rana, sai allurar ma'auni ta motsa.

Amma fa wajibi ne a yi adalci ga haƙiƙa. Farantin silikon da ake sayarwa a kasuwa yana mai da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa lantarki, alhali na rinin tsirrai da ƙyar yake kai kashi 2, ga shi kuma ranar da ake nufin ya kama ita ce ke koɗar da shi. Saboda haka mai cewa zoɓo zai raba mu da duhu ya yi azarɓaɓi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

A ganina fa'idar farantin rini ta yanzu tana makaranta, inda ɗalibi zai ƙera na'ura da hannunsa maimakon haddace siffarta. Mas'alar koɗewa kuwa, wadda ita ce babbar illa, ya kamata masu bincike, irin na cibiyar makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su sauko su zauna da marinan Ƙofar Mata ta Kano da dukawa masu rina fata da karan dafi, waɗanda tun kaka da kakanni sana'arsu ke nan sa launi ya kama ya daɗe, su tambaye su me suke zubawa, kuma a wane lokaci.