Gwamnatin Da Ta Ce A Zauna A Gida, Cefane Ya Hau Kanta

A daren 29 ga Maris, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja saboda annobar korona. Kano ta bi sahu a tsakiyar Afrilu, kuma ranar 27 ga watan, azumi bai ko cika mako ba, Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa jihar kulle na mako biyu. A lokacin babu rigakafi, kayan gwaji ƙalilan ne, ga kuma mace-macen da suka tayar wa Kanawa hankali, don haka duk shugaban da ya ce a rage cuɗanya yana da hujjarsa. Sai dai wannan doka ita ce ta raba ɗan dako a kasuwar Singa, da mai shayi, da direban A Daidaita Sahu, da matar da ke sana'a a cikin gida, da abin da za su ci a ranar. Wanda ya hana mutum fita nema da ƙarfin hukuma, ciyar da shi ta hau kansa. Shi ya sa nake ganin tallafin lokacin annoba haƙƙi ne da ɗan ƙasa ke bin gwamnati, kuma hanyar biyansa mafi adalci ita ce tsabar kuɗi a hannun iyalai, ta rajistar da aka tanada tun cuta ba ta zo ba. Abin da aka yi a 2020 ya kauce wa wannan hanya, kuma har yau ba a gyara ba.

Tallafin ma wani ɓangare ne na yaƙi da cutar. Mutumin da ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ba zai zauna a ɗaki yana jin kukan 'ya'yansa ba, ko da sojoji aka jibge a bakin layi. Zai fita, ya yi cunkoso, ya yi karo da jami'an tsaro. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayyana cewa a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce waɗanda korona ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. A Kano, da matsi ya yi yawa, sai aka riƙa buɗe gari Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, jama'a suka riƙa yin dafifi a kasuwanni, wato ainihin abin da aka kafa dokar don a hana. Kullen da babu abinci a bayansa ba ya riƙuwa, kuma wahalar da aka sha dominsa ta tafi a banza.

A takarda an yi alkawura masu nauyi. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ga iyalai da ƙananan 'yan kasuwa ta bankin NIRSAL, daga baya ya ninka kuɗin sau da yawa. A Yuni majalisar zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, a cikinsa akwai naira biliyan 75 don ceto ƙananan masana'antu. An ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun gwamnati. Ma'aikatar jinƙai, ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq, ta fara biyan naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule, ga iyalan da ke cikin shirin tallafin talakawa. Tambayar ita ce wa duk wannan ya kai gare shi. Rajistar talakawa ta ƙasa tana ɗauke da gidaje miliyan 2.6 ne a lokacin, shugaban ƙasa ya ce a ƙara miliyan ɗaya. A watan Mayun shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton cewa mutum miliyan 82.9 ne ke cikin talauci, ban da jihar Borno da ba a iya ƙirgawa ba, kuma a Sakkwato da Jigawa da Taraba talaucin ya haura kashi 85 cikin ɗari. Ban da ƙarancinta, rajistar an gina ta ne galibi a kan matalautan karkara, alhali kulle ya fi dukan mazauna birni, masu sana'ar yau da gobe waɗanda jiya suna ciyar da kansu, sunansu kuma ba ya cikin kowane jerin mabuƙata. Gwamnati ta rufe musu kasuwa ba tare da ta san sunayensu ba.

Batun rancen NIRSAL ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mafi yawan kuɗin da aka ce na iyalai ne ya bi. Rance yana da ma'ana ga wanda zai juya kuɗi ya samu riba. Magidancin da aka hana fita ba jari yake nema ba, masara da man girki yake nema, kuma kuɗin da aka ci ba ya haifar da abin biya. Sannan ana neman rancen ne ta intanet, da lambar BVN da asusun banki, a ƙasar da binciken cibiyar EFInA na 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na manya ba sa hulɗa da kowace irin harkar kuɗi, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya wuce kashi 60 cikin ɗari. Ga kuma kuɗin ruwa na kashi biyar cikin ɗari, wanda ya sa Musulmi da yawa suka ja baya, sai bayan wasu watanni Babban Bankin ya fitar da tsarin da babu ruwa a ciki. Waɗanda suka samu, da yawansu sun ɗauka kyauta ce, domin sunan tallafin korona aka riƙa kiran kuɗin da shi a gari. Bayan 'yan shekaru aka fara zare kuɗi daga asusunsu na wasu bankuna ba sallama, kuma kaso mai tsoka na bashin ya maƙale. An rasa ta kowane gefe: kuɗin bai dawo wa gwamnati yadda rance ke dawowa ba, bai kuma je ga mafi buƙata yadda kyauta za ta je ba.

Kayan abinci kuwa kowa ya ga yadda suka ƙare. Gamayyar attajirai da bankuna ta CACOVID, wadda su Aliko Dangote da Herbert Wigwe suka jagoranta, ta sayi shinkafa da taliya da sukari da garin kwaki na biliyoyin naira ta miƙa wa jihohi su raba. A ƙarshen Oktoba 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da Ilorin da Yola da Jalingo da Gwagwalada, suka tarar da kaya jibge, watanni bayan an ɗage kulle. Ƙungiyar gwamnoni ta ce ba ɓoyewa aka yi ba, wasu kayan ba su gama isowa ba, wasu kuma an ajiye ne don zagaye na biyu na cutar. Ko an karɓi wannan uzuri yadda yake, shi kansa hujja ne a kan tsarin. Buhun shinkafa sai an saya, an yi dakonsa, an ajiye, an jira bikin ƙaddamarwa, sannan ya bi ta hannun kwamishina da shugaban ƙaramar hukuma da kansila da shugaban jam'iyya na mazaɓa. A kowace tasha ana ɓata lokaci, kuma a kowace tasha akwai mai ikon cewa wane zai samu, wane ba zai samu ba. Yunwar Afrilu ba ta jira Oktoba.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce Najeriya ba Amurka ba ce. Gaskiya ne. Amurka ta zartar da dokar dala tiriliyan 2.2 a Maris 2020 ta aika wa mafi yawan manya dala 1,200, Birtaniya ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, mu kuwa a Afrilun shekarar farashin gangar mai ya faɗi ƙasa da dala 20, alhali an gina kasafin kuɗi a kan dala 57. Amma a wannan watan ne Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ba Najeriya rancen gaggawa na dala biliyan 3.4, wanda a canjin hukuma na lokacin ya haura naira tiriliyan 1.2. Da an ba gidaje miliyan goma naira 20,000 duk wata har wata uku, naira biliyan 600 ke nan, rabin wannan rance. Na san kuɗin yana da wasu ramuka da zai cike, albashi da asibitoci na ciki, amma lissafin ya nuna cewa abin bai fi ƙarfin ƙasar ba. Zaɓi aka yi. Kuma ba sai an je Turai neman misali ba. Togo, wadda ba ta da man fetur, ta ƙaddamar da shirin Novissi a Afrilun 2020 cikin kwanaki kaɗan. Mai sana'ar hannu zai danna lamba a ƙaramar wayarsa, ya shigar da lambar katin zaɓe, a duba unguwarsa da sana'arsa a rajistar masu zaɓe, kuɗi su shigo masa ta waya. Mata sun riƙa karɓar sefa 12,250 a wata, maza 10,500, domin an lura cewa kuɗin da ya shiga hannun mace ya fi saurin zama abinci. Fiye da mutum rabin miliyan suka amfana a zagayen farko. Shirin yana da giɓinsa, tunda wanda ba shi da katin zaɓe ya rasa, amma babu buhun da ya kwana a rumbu.

Wasu masana za su ce kamfanoni ya kamata a fara ceto, domin idan masana'anta ta mutu aikin yi ya tafi har bayan annoba. Wannan magana tana da ƙarfi a ƙasar da yawancin mutane ke karɓar albashi. Ko a can ma sakamakon bai kai yadda aka zata ba. Shirin Amurka na ba kamfanoni rancen da ake yafewa don su riƙe ma'aikata ya ci kusan dala biliyan 800, kuma binciken da David Autor na jami'ar MIT da abokan aikinsa suka yi ya gano cewa abin da ya kai ga ma'aikatan da za su rasa aiki bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran ya tafi ga masu kamfanoni da masu bin su bashi. A wurinmu lamarin ya fi sauƙin ganewa. Ƙididdigar hukumar SMEDAN ta 2017 ta nuna ƙananan sana'o'i miliyan 41.5 a ƙasar, kuma sama da kashi 99 cikin ɗari 'yan ƙanana ne ƙwarai, irin na mutum ɗaya da yaronsa. Tela da mai faci da mai ƙosai, aljihun sana'arsu da na gidansu ɗaya ne. Idan aka ba gidan kuɗin abinci, an hana a cinye jari, an hana a sayar da keken ɗinki. Tallafin albashi na shirin ceto ƙananan masana'antu ya nemi rajistar kamfani da jerin ma'aikata, abin da waɗannan miliyoyi ba su da shi. Ɓangaren da ya dace da su, wato kyautar naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi, an tsara shi ne don mutum 333,000 kacal, kuma ya zo ne a ƙarshen shekara. Makarantu masu zaman kansu da otal-otal da masana'antun da ke da ma'aikata na gaske sun cancanci rance mai sauƙi da sassaucin haraji, amma bayan an fara da iyalai.

Saura tsoron sata da tsoron tsadar kaya. Sata gaskiya ce, kuma babu ƙasar da ta tsira: mai binciken hukumar ƙananan kamfanoni ta Amurka ya ƙiyasta a 2023 cewa sama da dala biliyan 200 na tallafin korona mai yiwuwa 'yan damfara ne suka kwashe. Sai dai kuɗin da aka tura ta asusu ko ta waya yana barin sawu, ana iya bin sa a ga wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa, kwalin taliya kuwa da ya bar rumbu labarinsa ya ƙare. Tsadar kaya ma abin lura ce, domin tallafin da ya yi yawa ya kuma daɗe yana iya tayar da farashi, kamar yadda ake muhawara a kan Amurka bayan hauhawar 2022. Kuɗin wata uku a lokacin da ciniki ya tsaya cik maye gurbin abin da aka rasa ne kawai, da sharaɗin a bar motocin abinci su wuce, a bar Dawanau da sauran kasuwannin hatsi su yi aiki cikin tsari. Inda kasuwa ta mutu gaba ɗaya, kamar sansanonin 'yan gudun hijira da garuruwan da rashin tsaro ya yanke, a nan rabon hatsi ya fi kuɗi amfani, kuma a nan ya kamata a kai shi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya biyo bayan korona ya nuna ba a ji ba. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 aka so a raba wa gidaje miliyan 12 naira 8,000 a wata, sai Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce rajistar da ake da ita ba abar yarda ba ce. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan batun tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata, aka tsayar da shirye-shiryen tallafi na wani lokaci. Aikin da ke gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa shi ne ta yi doka da za ta ce duk ranar da hukuma ta rufe gari saboda annoba, biyan iyalai ya fara a cikin mako guda, daga asusun gaggawa da ake zuba wa kuɗi a kowane kasafi. A haɗa rajistar talakawa da lambar NIN, a shigar da mazauna birni ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da masu unguwanni, a bar ƙofa ga wanda aka tsallake ya kai ƙorafi, a kuma yarda a biya ta waya da masu POS inda babu reshen banki. Sannan a wajabta wallafa adadin waɗanda aka biya da jimillar kuɗin a kowace mazaɓa, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo da harshen da mutanen wurin ke ji.