Minti biyun da muke yi wa haƙoranmu rowa

  A wannan mako za mu ajiye zancen karatu da jarrabawa, mu taɓo wani aiki da kowannenmu yake ganin ya iya tun yana firamare, wato goge baki. Mu ma haka muka ɗauka, sai da wani abu ya faru a ɗakinmu.

Mu huɗu ne muke haya a wani gida a Unguwar Rimi, saboda kusancinta da Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Balewa. Ana saura kwana uku mu fara jarrabawar zangon da ya wuce, ɗaya daga cikinmu ya tashe mu da nishi wajen ƙarfe biyu na dare, ya dafe kunci, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Muka dafa masa ruwan gishiri, muka nemo kanumfari, muka ba shi maganin ciwon kai, duk a banza. Kafin gari ya waye kumatunsa ya kumbura. Muka tari keke muka kai shi asibiti.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, duk cikinmu babu wanda ya kai shi tsafta. Ba ya fita lakca sai ya goge baki, kuma idan yana gogewa har maƙwabta suna jin ƙarar buroshinsa, kamar mai kankare tukunyar da tuwo ya kama. Bayan likita ta duba shi, sai ta ce, "Ƙanena, sau nawa kake goge baki a rana?" Ya ce, "Kullum da safe, Likita." Ta ce, "Da dare fa?" Ya yi shiru. Ta ɗauko haƙoran roba da buroshi ta miƙa masa, ta ce ya nuna mata yadda yake yi. Ya kama dirza daga dama zuwa hagu da ƙarfinsa. Ta karɓe buroshin ta ce, "Wannan ai dirza ce. Ga dasashinka ka ci shi, ga turminka na can ciki ba ka taɓa kai masa buroshi ba."

Turmin ya riga ya yi kogo har ya kai ga jijiya. Gyaransa ya fi ƙarfin abin da ke aljihunmu, don haka aka ba shi magani, bayan 'yan kwanaki aka cire shi. Da kumburarren baki ya rubuta darasi biyu. Shekararsa 21, kuma haƙorin da aka cire ba zai sake fitowa ba.

Da muka dawo gida sai muka gwada kanmu. Kowa ya ɗauki buroshinsa ya goge kamar yadda ya saba, wani kuma yana riƙe da waya yana ƙirga lokaci. Wanda ya fi daɗewa a cikinmu bai kai minti ɗaya ba. Likitocin haƙori kuwa minti biyu suke cewa a yi, sau biyu a rana. A nan muka gane cewa buroshi ba shi da laifi. Mu ne muke ba shi ƙarfi da yawa, muna hana shi lokaci.

Kafin mu zo ga yadda ake yi, ya kamata mu san abin da muke gogewa. Ba ragowar awara ko naman tsire kaɗai ba ne. Akwai wata dauɗa mai danƙo, fara-fara, wadda take taruwa a jikin haƙori a kullum, musamman a gindinsa, inda ya haɗu da dasashi. Idan muka wuni ba mu goge ba muka shafa harshe a kan haƙora, ita ce muke ji da kaushi. Cike take da ƙwayoyin cuta. Duk lokacin da muka sha shayi mai sukari, ko lemon kwalba, ko muka ci alewa da biskit, waɗannan ƙwayoyi suna cin sukarin su fitar da wani ruwa mai tsami wanda yake zaizaye farin ɓawon haƙori a hankali har ya yi kogo. Idan kuma aka bar dauɗar ta daɗe a gindin haƙori, sai dasashi ya kumbura ya riƙa jini, ita kuma ta daskare ta zama kamar siminti. Da zarar ta daskare, babu buroshin da zai ɓamɓare ta, sai an je wankin haƙori a asibiti.

Muhimmin abin lura shi ne, kafin ta daskare dauɗar nan laushi gare ta. Ba ta buƙatar ƙarfi, abin da take buƙata shi ne bakin buroshi ya kai inda take. Dirza da buroshi mai tauri ba ta ƙara tsafta, sai dai ta tura dasashi baya ta bar saiwar haƙori a fili. Daga nan ne mutum zai kurɓi ruwan sanyi ya ji kamar an soka masa allura. Dasashin da ya ja baya kuwa ba ya komawa wurinsa da kansa.

To, yaya ake yi da buroshin hannu, wanda shi ne akasarinmu muke da shi? Da farko, idan muka je kanti ko kemis, mu daina cewa a ba mu mai ƙarfi. Mu nemi mai laushi, mai ƙaramin kai da zai iya shiga lungun baki. Man goge baki kuma ya kasance mai sinadarin fulorayid, wanda yake ƙarfafa ɓawon haƙori. Ana rubuta adadinsa a jikin kwalin, na manya yakan kasance tsakanin 1350 da 1500, mu duba tare da lambar NAFDAC. Ba sai mun shimfiɗa man daga kai zuwa gindi kamar yadda ake nunawa a talla ba, kamar ƙwayar wake ya isa. Ga ƙannenmu da ba su kai shekara uku ba, kamar ƙwayar shinkafa kawai ake shafa musu, kuma babba ne zai goge musu.

Sai riƙo. Mu riƙe buroshi da yatsu kamar yadda muke riƙe biro, kada mu dunƙule hannu a kansa kamar ƙotar fartanya. Wannan kaɗai yana rage ɓarnar. Sannan mu karkata shi yadda gashinsa zai fuskanci gindin haƙori, a kusurwar digiri 45, wato rabin kusurwar littafi. A haƙoran sama gashin ya kalli sama, a na ƙasa ya kalli ƙasa. Daga nan sai mu riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, a kan haƙori biyu ko uku, sannan mu share daga dasashi zuwa bakin haƙorin, mu matsa gaba. Wannan salo ana kiransa da sunan Charles Bass, wani likita na Jami'ar Tulane a Amurka, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1975, kuma har yau shi ake koyarwa a makarantun likitancin haƙori.

Kowane haƙori yana da fuska uku da buroshi zai iya kaiwa: ta waje da mutane suke gani, ta ciki wajen harshe, da ta sama wadda ake tauna da ita. Mu dai mun fi ba ta waje muhimmanci, saboda ita ce take fitowa a hoto. Ta cikin ce muke mantawa, musamman bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda dauɗa ta fi daskarewa. A nan sai a tsayar da buroshin a miƙe, a yi amfani da kansa sama da ƙasa. Don kada mu tsallake wani wuri, mu raba baki gida huɗu: sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu. Kowane gida sakan 30, sai ga minti biyu ya cika. A ƙarshe mu ɗan goge harshe, domin yawancin warin baki daga can yake tasowa.

Abu na gaba shi ne ya fi ba mu wuya. Idan an gama, a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure baki da ruwa. Kurkurewa tana wanke fulorayid ɗin tun bai yi aikinsa ba. Ɗaya daga cikinmu ya ce, to alwala fa? Sai muka sauya tsari: da asuba mu yi alwala tukuna, bayan salla mu goge baki. Da dare kuma sai mun gama cin duk abin da za mu ci, buroshi ya zama abu na ƙarshe da zai shiga baki. Gugar dare ta fi ta safe muhimmanci, saboda yawu, wanda yake wanke baki da rana, yana raguwa idan muna barci. Abokinmu shayi da biskit yake raba dare da su yana karatu, ya kwanta a haka. Haka nan idan muka sha abu mai tsami, kamar zoɓo ko lemon kwalba ko ruwan tsamiya, mu jira kamar rabin awa kafin mu sa buroshi, domin tsamin yana sa ɓawon haƙori ya yi taushi na ɗan lokaci.

Yanzu ga buroshin lantarki, wanda ake ta tallarsa a Instagram da TikTok. Ba sabon abu ba ne, an ƙera na farko da ya karɓu a Suwizalan a 1954, shekara 16 bayan fitowar buroshi mai gashin leda a Amurka a 1938. Iri biyu aka fi gani: mai zagayayyen kai da yake juyawa dama da hagu, da mai dogon kai da yake karkarwa. A 2014 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara binciken da aka yi a kansa, ta gano cewa bayan wata uku ana amfani da shi, ya fi na hannu rage dauɗa da kashi 21 cikin 100, kumburin dasashi kuma da kashi 11. Ke nan yana da amfani, musamman ga wanda aka sa wa waya a haƙora, ko tsoho ko mara lafiyar da hannunsa ba shi da ƙarfi.

Amma shi ma yana da ƙa'ida, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa dirza da shi kamar na hannu. Aikin motsi nasa ne, namu ja-gora ne kawai. A sa shi a baki kafin a kunna, in ba haka ba zai fesa man a riga. A ɗora kansa a gindin haƙori, a bar shi ya yi 'yan sakanni, a matsa zuwa na kusa da shi, ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki da sama. Kada a danna. Da yawa daga cikinsu suna ɗan tsayawa duk bayan sakan 30 don a san lokacin sauya gida ya yi, wasu kuma suna kunna fitila idan an matsa da ƙarfi. Kafin ɗalibi ya zuba kuɗin abincinsa a kai, ya tambayi kansa abu biyu: ina zai riƙa yin caji idan wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, kuma ina zai sami kan da zai riƙa sauyawa? Domin kan nasa, kamar buroshin hannu, duk wata uku ake sauya shi, ko da zarar gashin ya baje. Buroshin hannu da aka ba shi minti biyu ya fi na lantarki da aka yi wa sakan 40.

Ba za mu manta da asuwaki ba, wanda iyaye da kakanni suka riƙe, kuma sunna ce da muke alfahari da ita. Yana cire dauɗa sosai idan an iya shi. A tauna bakinsa ya yi laushi, a riƙa yanke tsohon bakin, kuma shi ma a bi gindin haƙora a hankali. Sai dai da yake a miƙe yake, yana wuyar kaiwa bayan turame. Mu mun ga babu dalilin zaɓar ɗaya a bar ɗaya: asuwaki da rana a lokutan alwala, buroshi da man fulorayid safe da dare. Gawayi da toka da gishiri kuwa, ko da sun sa haƙori ya yi fari yau, kankare ɓawonsa suke yi. Tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga, zaren sakace ake sawa sau ɗaya a rana, ba tsinken tsintsiya ko allura ko bakin biro ba.

Idan muka fara wannan tsari muka ga jini a kumfa, kada mu tsorata mu daina. Yawanci alama ce ta dasashin da ya daɗe da kumburi, kuma yakan lafa idan aka ci gaba da gogewa a hankali. Idan ya wuce mako biyu, ko akwai haƙorin da yake zogi ko girgiɗi, a je wurin likitan haƙori, a nan Kaduna akwai su a manyan asibitoci irin su Barau Dikko. Kada a jira sai kunci ya kumbura kamar yadda muka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki, kuma yawancinsu ana iya kauce musu. Rigakafi ya fi magani, a wurin ɗalibi kuma ya fi araha.

Aikin gida na wannan mako mai sauƙi ne. Yau da dare kowa ya kunna agogon wayarsa ya goge baki kamar yadda ya saba, ya ga sakan nawa ya yi. Gobe ya sake, amma da minti biyu cur, gida huɗu, hannu a sake. Masu ƙanne a gida su tsaya a kansu su nuna musu. Abokinmu yanzu shi ne mai riƙe mana waya a ɗaki, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa ko da sakan ɗaya. Ku rubuto mana abin da agogonku ya nuna. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.