Kafin a zuba kankare a tsakiyar garinmu

Mutumin Roni in zai je fadar Sarki, ko babban asibiti, ko zai kai ɗansa kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu, ko kuwa Kano ya nufa sayo kaya, da wuya ƙafarsa ba ta taka Kazaure ba. Don haka duk abin da ya sami titin da ya ratsa Kazaure ya same mu, mu da 'yan uwanmu na Gwiwa da 'Yankwashi. Titin nan shi ne wanda gwamnatin tarayya ta ba kamfanin BUA aikin mayarwa tagwaye, daga Kano ta Dambatta da Kazaure da Daura har Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, kilomita 132 a kan naira biliyan 116, bisa tsarin nan da kamfani zai gina hanya a cire masa kuɗin daga harajinsa. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, shi ma ta Kazaure aka zana shi. Ko ba daɗe ko ba jima, motar da za ta riƙa bi ta yankin nan sai ta ninka ta yau.

Ina cikin masu murna da wannan. Wanda ya taɓa zama gaban mota a hanyar Daura da daddare, direba na ƙoƙarin wuce tirela ga fitilar wata ta tunkaro, ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan amfanin raba hanya. Damuwata tana kan 'yan kilomitocin da titi ke shiga cikin gari, da kuma wata sha'awa da ta kama shugabanninmu na ƙananan hukumomi da 'yan majalisa: kowa yana son a ce a zamaninsa aka yi wa garinsu tagwayen titi da dakalin kankare a tsakiya, da fitilu a jere, mai kyan hoto a allon kamfe. Gwamna Kwankwaso ya ɗauko aikin titi mai kilomita biyar-biyar a hedikwatocin ƙananan hukumomin Kano 44 a zangonsa na biyu, tun daga nan kuwa garin da ba shi da dakali a tsakiyar titi sai a riƙa yi masa kallon ƙauye.

To, tagwayen titi wan-we ne guda biyu aka jera kafaɗa da kafaɗa. Kowane ɓangare fuska ɗaya yake kallo, kuma ba ka isa ka koma ɗayan ba sai inda injiniya ya ga dama ya bar maka kafa. A daji wannan rahama ce. A cikin gari kuwa, ɗauki ɗan acaɓa da ya ɗauko tsohuwa daga tasha za ta shagon magani. Shagon yana tsallaken titi, taku ashirin tsakani, ana hango mai shagon yana ƙirga canji. Wurin juyawa yana gaba da rabin kilomita. Zuwa da dawowa kilomita guda ke nan, da man da kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma tsohuwa ba za ta ƙara masa ko sisi ba. Zaɓinsa uku ne: ya yi asarar mai, ko ya sauke ta ta haura dakali da zaninta, ko ya bi hannun da ba nasa ba. Kowa ya san wanda yake zaɓa. Mai amalanken shanu da ɗan garuwa da mai kurar kaya ba su ma tsaya yin lissafi.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan yau shi ne waɗanda suka yayata wan-we a tsakiyar birni sun fara warware ta. Bayan yaƙin duniya na biyu, masu hali a Amurka sun yi ta ƙaura zuwa unguwannin bayan gari suna barin ofisoshinsu a tsakiyar birni. A shekarun 1950 da 1960 injiniyoyi suka mayar da titunan tsakiyar birane da dama wan-we, don ma'aikaci ya shigo da gudu da safe ya fice da gudu da yamma. Motoci sun yi gudun kuwa. Sai dai titin da kowa ke gudu a kai ba wanda ke tsayawa sayen komai, shaguna suka riƙa rufewa, masu gidaje suka riƙa tashi.

A 2011 birnin Louisville da ke jihar Kentucky, garin su Muhammad Ali ɗan dambe, ya mayar da tituna biyu, Brook da First, yadda suke da can: mai zuwa da mai dawowa a titi ɗaya. Malaman tsara birane biyu, John Gilderbloom da William Riggs, suka bi sawun abin da ya biyo baya. Haɗarin mota ya ragu da kashi 36 cikin ɗari a titin Brook, da kashi 60 cikin ɗari a First, alhali motocin da ke bin titunan ƙaruwa suka yi. Aikata laifi a unguwar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, darajar gidaje ta tashi. Birnin South Bend ya yi irin wannan gyara lokacin da Pete Buttigieg ke magajin gari, mutumin da daga baya ya riƙe ma'aikatar sufuri ta Amurka baki ɗaya. A Landan ma an mayar da titin Piccadilly zuwa da dawowa a 2011, aka yi wa Baker Street haka a 2019. Waɗannan garuruwa ne da fitilun ba da hannu ke aiki dare da rana, direba kuma ba ya samun lasisi sai ya ci jarrabawa. Duk da haka suka ga tsarin yana cutar da su.

Dalilin ba boyayye ba ne, duk direba ya san shi a jikinsa. Muddin kana ganin mota na tahowa ta gabanka, ƙafarka ba ta sakewa a kan totur. Da zarar an ɗauke maka wannan fargaba, aka ba ka layi biyu duk naka, sai gudu ya zo da kansa ko ba ka yi niyya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, yiwuwar haɗarin da ake rasa rai yana ƙaruwa da kashi 4. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 a awa ya fi wanda ta buge tana gudun 50 kusantar mutuwa ninki huɗu da rabi. Dokarmu ta ce kilomita 50 a cikin gari. Mai karatu, tsakaninka da Allah, wace motar haya ce ke sauka zuwa 50 in ta sami shimfiɗaɗɗen titi ba kowa a gabanta?

Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanta da layi biyu masu kallon fuska ɗaya, shi ne ya fi tayar mini da hankali saboda yara. Almajiri ko ɗan firamare zai tsallaka, direban layin farko mutumin kirki ne ya tsaya ya yi masa alama da hannu. Yaro ya ruga. Direban layi na biyu bai gan shi ba, motar farko ta kāre shi, shi dai gani ya yi wani ya tsaya ba dalili sai ya ƙara wuta zai wuce. Kirkin na farko shi ya tura yaron gaban na biyu. A titin da kowane hannu layi ɗaya ne, wanda ya tsaya ya tsayar da duk na bayansa.

Za a ce da ni: Malam, ka manta da taho-mu-gama? Ban manta ba. Tun da aka fara sake gina hanyar Abuja zuwa Kano a 2018, duk inda aka rufe ɓangare ɗaya aka haɗa motoci a ɗayan, mun ga irin gawarwakin da aka kwasa. Mota biyu kowace na gudun ɗari su haɗu gaba da gaba, ba a tambayar wa ya tsira. Tsakanin Dambatta da Kazaure, tsakanin Kazaure da Daura, a raba hanya, a sa shinge mai ƙarfi, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma aikin hanyar daji daban, aikin titin cikin gari irin na Kanti daban. Waccan an yi ta don a wuce, wannan kuwa nan ake zuwa: nan banki yake, nan mai shayi da mai faci da mai sayar da taki, nan ake sauke buhu a ɗora wani. Kuskuren da ake ta maimaitawa a ƙasar nan shi ne a ɗauko zanen hanyar daji a shimfiɗa shi a tsakiyar kasuwa, daga baya a zo ana jera tudun rage gudu kowane taku hamsin don a kashe gudun da aka kashe biliyoyi aka saya.

In mutane suka fara bin hannun da ba nasu ba, amsar hukuma kullum ɗaya ce: kame. Kano ta kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a 2012. Legas ta yi dokar hanya a 2012 ɗin a zamanin Gwamna Fashola, aka sabunta ta a 2018, kuma a ƙarƙashinta wanda aka kama yana bin hannun da ba nasa ba yana iya rasa motarsa ɗungurungum. A watan Satumban 2022 an yi gwanjon motoci 134 da aka ƙwace bisa laifukan hanya, mutane suka ga bidiyon masu motocin suna kuka a wurin gwanjon. Ba na kāre mai ganganci. Babban mutum da jiniya, ko direban bas da ya ƙi bin layi don ya riga 'yan uwansa lodi, a hukunta shi ba sani ba sabo. Amma in ka ga wuri guda kullum nan ake kama mutane, yau goma gobe ashirin, limami da malamin makaranta da mai jego a bayan babur, to laifin zanen titin ne, kuma jami'in da aka girke a wurin ya sami gona. A garin da kowa ya san kowa irin namu ma kamen ba ya ɗorewa. Ɗan wa za ka kama?

Akwai wani bambanci tsakaninmu da Louisville da ya kamata ya sa mu yi hattara. Tasu wan-we allo ce da fenti da fitila, da suka gane kuskure sai suka sake fenti suka juya alluna. Mu ma mun taɓa yin abin da ya fi wannan girma: ranar 2 ga Afrilun 1972, a mulkin Gowon, ƙasar nan gaba ɗaya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama don ta yi daidai da maƙwabtanta irin su Nijar, aka wayi gari kowa ya sake hannu. Doka da allo suna sakuwa a dare ɗaya. Dakalin kankare da aka rushe shagunan mutane aka biya diyya kafin a gina shi kuwa, ba gwamnan da zai zo ya fasa shi ya ce wanda ya gabace shi ya yi kuskure. Tun ran gini ran zane.

Abin da ya fi dacewa da gari irin Kazaure shi ne tirela da tanka da duk wanda ba shi da harka a cikin gari a fitar masa da hanya ta bayan gari. Ita ma baifas ɗin sai an tsare ta, don mun ga yadda ta gabashin Kano da ta yammacin Kaduna suka koma tsakiyar gari, aka yanka filaye har bakin kwalta, gidan mai na bin gidan mai. Titin cikin gari kuma a bar shi zuwa da dawowa, kuɗin dakali a kashe su a magudanar ruwa mai murfi, da faffaɗan gefe inda mai ƙafa da amalanke za su bi ba tare da sun hau kwalta ba, da wurin tsayawar motocin haya, da itatuwan inuwa. Inda kuma aka riga aka raba titi, a buɗe kafa a gaban asibiti da makaranta da kasuwa da masallacin Juma'a, kada a bar mutane su fasa da kansu da guduma cikin dare.

Roni da Gwiwa da Babura ba su da cunkoson da zai sa a raba musu titi. Cunkosonmu na ranar kasuwa ne, na 'yan awoyi, kuma mafi yawansa daga motocin da ke lodi a kan kwalta yake zuwa da masu baza kaya har tsakiyar hanya. In ta kama a ce ranar kasuwa a shiga ta nan a fita ta can, igiya da ganga biyu da 'yan yuniyon da 'yan sintiri sun isa, da la'asar a naɗe igiya titi ya koma na kowa. Lungun da mota biyu ba sa iya giftawa shi ma ba laifi a mayar da shi fuska ɗaya, in masu unguwar sun yarda.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumominmu da kansiloli, da majalisar masarautar Kazaure, da ma'aikatar ayyuka a Dutse: duk titin da za a yi ko za a faɗaɗa a cikin garuruwan nan, a nemo zanensa a liƙa a sakatariya kafin katafila ta iso, a nuna wa jama'a inda wuraren juyawa da na tsallakawa za su kasance. A kira shugabannin 'yan acaɓa da na direbobi da na 'yan kasuwa, da shugabannin makarantun da ke bakin titi, da masu unguwanni, a zauna da injiniyan a bi titin da ƙafa tare da shi daga farkonsa har ƙarshe. Ku kuma masu shaguna a bakin hanya, kada ku tsaya kan maganar diyya kaɗai. Ku tambayi ta inda mai sayen kayanku zai iso ƙofarku.