Jatan Landen Legas da Kifin Dadin Kowa: Ina Muka Ajiye Hankalinmu?



Na san maganar da zan yi yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka fara kama 'yan kuɗi. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk wanda ya ga ta shafe shi, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci.

Kwanakin baya wani ƙanena da bai daɗe da samun aiki ba ya ce sai ya fitar da ni cin abinci, ni da wani abokinsa. Na ce masa mu je mu ci masa da miyar taushe, ya ce a'a Yaya, ai yanzu an wuce nan. Ya kai mu ɗaya daga cikin sababbin wuraren nan masu gilasai da fitilu kala-kala. Aka kawo takardar jerin abinci, babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki: wannan wai na Chana ne, wancan wai na Thailand. Ya zaɓa mana soyayyiyar shinkafa da jatan lande, da wata miya mai tsami, da shayi mai ƙanƙara da wasu baƙaƙen ƙwallaye a ƙasan kofi. Da abinci ya zo, na yi bisimilla zan sa cokali, sai ya riƙe mini hannu, wai in tsaya ya ɗauki hoto. Sai da abincin ya huce kafin aka ba mu izinin ci. Da aka kawo lissafi na leƙa, naira dubu arba'in da ɗaya. Ya biya yana murmushi. Muna fita, ya ja ni gefe ya ce: "Yaya, ko da dubu biyar a jikinka? Man mashin ɗina ya ƙare, kuma wata da saura."

Wannan dubu biyar ɗin ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Kada wani ya ce na zo haramta abin da Allah Ya halatta. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, abin da ke rayuwa a cikin ruwa halal ne, kifi ne ko jatan lande ko ƙaguwa. Ba kuma ƙin baƙo nake yi ba. Gombe gari ne da baƙi suka raya. Tun da aka dawo da hedikwatar masarauta nan Gombe Doma a 1919, har zuwa ƙirƙiro jiha a 1996, Fulani da Hausawa da Tera da Bolewa da Tangale da Waja da Kanuri da Yarabawa da Ibo kowa ya kawo tukunyarsa, kuma muka ci. Shayin kansa ai daga Chana ya samo asali. Abin da nake faɗa da shi abu uku ne.

Na farko, cin abincin nan ba don ciki ake yinsa ba, don idon jama'a ake yi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kowa ya san yadda rayuwa ta koma. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira dubu saba'in ne. Ke nan abin da ƙanena ya kashe a zama ɗaya ya haura rabin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Ku je Tudun Hatsi ku tambayi mudu nawa na masara wannan kuɗin zai saya, ku lissafa kwana nawa zai riƙe gida mai mutum shida. Wanda Allah Ya hore wa, ya ci, babu mai hana shi. Amma nawa ne a cikin masu cika wuraren nan Allah Ya hore wa? Da yawa ɗalibai ne da iyayensu ke sayar da akuya don biyan kuɗin makaranta, da sababbin ma'aikata da ke cin bashi a manhajojin waya masu tsawwala kuɗin ruwa. Mutum ya ɗora hoton faranti a Facebook da TikTok, ya kwana yana ƙirga masu yabawa, gari ya waye yana ɓuya daga mai kanti. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin ya ma shiga neman aure. A da saurayi zai je zance ƙofar gida ko zaure, iyaye sun san da zuwansa, sun san lokacin tafiyarsa. Yanzu yarinya ba ta ɗauki saurayi da daraja ba sai ya kai ta inda ake sayar da kofin shayi da kuɗin mudun shinkafa. Yaron kirki mai sana'ar walda ko ɗinki a Jekadafari ya zama abin dariya, wanda ya ci bashi ya yi ƙarya shi ne gwani. Bayan biki kuma gaskiya ta fito, a koma gaban iyaye ana kai ƙara. Ko laifin samarin ne kawai? A'a. Mu iyaye da yayye da muke yaba wa ƙarya muna da namu kason.

Na biyu, maganar lafiya da sanin abin da muke zubawa a cikinmu. Gombe ba ta da teku. Jatan landen da aka ɗauko daga Legas sai ya yi tafiyar sama da kilomita dubu a mota kafin ya iso, kuma irin wannan kaya ba ya yafe zafi: in ƙanƙara ta narke aka sake daskarar da shi, ya zama abin tsoro ko da ido bai ga komai ba. Yanzu ku tuna halin wutar lantarkinmu. Ku tuna watan Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, muka shafe makonni cikin duhu mu da maƙwabtanmu na Arewa maso Gabas. A irin wannan yanayi, wane ne ya tabbatar maka firinjin gidan abincin bai mutu ba ko na rabin yini? Ban ce kowane wuri yana wasa da wannan ba. Akwai masu sola da janareta da tsoron Allah. Amma mai ci yana da haƙƙin tambaya, mu kuwa kunya ta hana mu, kada a ce mu 'yan ƙauye ne.

Haka batun kayan haɗi. A girkin Chana na asali, zuba giyar shinkafa a miya da amfani da naman alade ko kitsensa abu ne na yau da kullum, ban da girkin Musulmin ƙasar irin su Hui da Uigur. Na yarda yawancin masu dafa mana a nan 'yan uwanmu ne Musulmi da ba za su kusanci alade ba. To amma kwalaben miya da ake shigowa da su, da rubutun da mai girkin kansa ba ya iya karantawa, wa ya duba su? Suna da lambar NAFDAC? Mutumin da zai tsaya ya tambayi mahauci wa ya yanka ragon nan, shi ne zai haɗiye miyar da bai san sunanta ba don kawai an kawo ta a farar tasa.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: raina namu. Daga Gombe zuwa Dadin Kowa ba a yin awa ɗaya a mota. Madatsar ruwan nan da ke kan kogin Gongola tana nan tun shekarun 1980, masunta na fito da tarwaɗa da karfasa kullum safiya, kifi da ransa. Wanda bai samu mai saye da wuri ba sai a yi bandarsa ko a karyar da shi, domin babu isassun wuraren sanyaya kaya. Mu kuma muna can muna biyan kuɗin mota da na ƙanƙara da na dillalai uku don a kawo mana daskararren abu daga bakin teku. Kuɗinmu ya tafi kudu da ƙasashen waje, masuncin Yamaltu-Deba ya koma gida da ragowar kifi.

Ku dubi baƙaƙen ƙwallayen nan na cikin shayi da yara ke rububi. A Taiwan aka ƙirƙiro wannan shayi a shekarun 1980, ƙwallayen kuwa da garin rogo ake yinsu. Rogo fa! Kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya. Wannan shi ne kallon kitse ake yi wa rogo na gaskiya. Man riɗin da ke ba abincin Chana ƙamshi, riɗin da manomanmu ke nomawa ne ake lodawa zuwa ƙasashen Asiya, a matse, mu kuma mu sayi ƙaramar kwalba da tsada. Citta tana nan a Kachia. Ganyen shayi ana nomansa a Kakara, kan tsaunin Mambilla a Jihar Taraba, nan kusa da mu. Miyar kifin da ke cikin kusan kowane girkin Thailand kuwa, ƙananan kifaye ne ake jiƙawa da gishiri a bar su su ruɓa tsawon watanni. Yarinyar da ke toshe hanci in ta ji warin daddawa a miyar kukar mahaifiyarta, ita ce ke lashe cokali a kan daddawar wasu.

In ma koyi za mu yi da mutanen Thailand, mu koyi abin da ya dace. A 2002 gwamnatinsu ta fito da shiri na musamman don yawaita gidajen abincin ƙasarsu a faɗin duniya: horar da masu girki, tallafa wa masu buɗe wurare, da fitar da kayan haɗinsu. Abincin da suka tallata ɗin nan, yawancinsa abincin bakin titi ne, na talaka. Shayinsu mai madarar gwangwani da sukari, ɗan uwan na mai shayinmu ne. Ba su ji kunyar nasu ba, suka wanke shi suka kai kasuwar duniya. Senegal ma ta kai dafa-dukan shinkafa da kifinta har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2021. Mu kuwa masarmu, da dambu, da fura da kindirmo, da kunun gyaɗa, mun bar su a bakin kwata muna neman sunan da ba mu iya furtawa.

Na san amsoshin da za a ba ni. Wani zai ce kuɗinsa ne. Gaskiya ne, in dai nasa ne, ba na bashi ba, kuma ya sauke haƙƙin iyaye da iyali. Wani zai ce wuraren nan suna ba matasa aiki. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na fatan a rufe ko ɗaya. Amma wurin da zai sayi kifinsa a Dadin Kowa, madararsa a rugar Fulani, tumatur da albasarsa a hannun 'yan lambu, ya fi samar da aiki sau da yawa a kan wanda komai nasa a kwali yake zuwa.

Amsa mafi ƙarfi ita ce ta mata, kuma dole in sunkuyar da kai. Wata 'yar uwa ta ce mini: "Malam, ina kake so mu je? Teburin mai shayi na maza ne." Ta yi gaskiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Teburin mai shayi majalisa ce mai daraja. A nan ake jin labarin gari, a nan ɗan acaɓa da malamin makaranta ke zama benci ɗaya, a nan ake ba mutum shayi da burodi bashi har ƙarshen wata. Amma babu wurin mace a can, babu wurin da magidanci zai zauna da matarsa da 'ya'yansa. Ga kofuna hamsin ana ɗauraye su a ruwan bokiti ɗaya, ga ƙuda, ga ƙura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba daɗin jatan lande ne ya ja mutane ba. Tsafta ce, da kujera, da fanka, da banɗaki, da mutunci. Waɗannan kuwa babu wanda ya ce sai da sunan Chana ake samunsu.

Don haka ga roƙona. Masu kuɗinmu da ke son zuba jari, ku buɗe mana wuri mai tsafta, da sashen iyali, inda za a gasa karfasar Dadin Kowa a gaban mai saye, a kawo masa da miya, a dafa shayi da citta da kanumfari, a rubuta sunan komai da Hausa, a sa farashin da malamin firamare zai iya kai iyalinsa ko sau ɗaya a wata. Masu wuraren da ake da su yanzu, ku faɗa wa mutane abin da ke cikin girkinku da inda kifinku ya fito. Jami'an duba-gari da ma'aikatar lafiya, ku riƙa leƙa firinji da ɗakin girki na manyan wurare kamar yadda kuke matsa wa mai ƙosai. Masu shayi, ku haɗa kai ta ƙungiyarku ku gyara wanke-wanke da muhalli. Ƙungiyoyinmu na unguwa, in za a yi taro ko walima, a ba matan unguwa kwangilar abinci. Ku kuma samari da 'yan mata, in sha'awa ta kama ku ku je ku ɗanɗana, ba laifi, amma da kuɗin da ya rage bayan an biya buƙata, ba wanda aka ranto ba.

Ƙanena na ba shi dubu biyar ɗin, na kuma ce ranar Asabar ya shirya ni zan fitar da shi. Dadin Kowa za mu, mu zaɓi kifinmu da hannunmu a bakin ruwa.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sa albarka a abin da muke samu. Amin.