Idan jari ya karye, kada mai jari ya karye tare da shi

Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ba ta da kwana-kwana a kan ranar tafiya: shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Tun daga 2023 kuma, da aka fara aiki da sabon kundin ƙa'idojin aikin gwamnati, daraktan da ya yi shekara takwas a kan kujerarsa shi ma sai ya tattara nasa ya nasa. Na hadiman masu muƙaman siyasa ya fi sauri, domin ranar da maigida ya sauka ita ce ranar da takardar naɗinsu ke tashi aiki. Idan ka tambayi masu fita ta waɗannan ƙofofi abin da za su kama, da yawansu amsa ɗaya ce gare su: kasuwanci. Wani gidan kaji zai buɗe a Kuje, wani ruwan leda a Gwagwalada, wani shagon kayan gini a Dei-Dei, wani kuma kamfanin kwangila mai ofis ɗaki guda a Garki.

Neman na kai bayan ajiye aiki abin yabo ne, ga shi fansho a yau ba ya riƙe gida. Abin da ke damuna shi ne nauyin da muke ɗora wa wannan kasuwanci. Muna so ya ciyar da iyali, muna kuma so ya maye mana gurbin kujerar da muka bari, ya ci gaba da shaida wa dangi da maƙwabta cewa har yanzu mu wasu ne. Shago zai iya ɗaukar nauyin farko idan Allah ya sa masa albarka. Na biyun ya fi ƙarfinsa, kuma a ƙoƙarin ɗora masa shi ne mutane da dama ke rasa shagon, su rasa gida, su rasa lafiya.

Akwai dalilin da ya sa ma'aikacin gwamnati ya fi kowa saurin faɗawa wannan rami. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci shiga harkar tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ashe wanda ya bi doka, zai zo kasuwa ne yana ɗan koyo mai furfura. Ɗan kasuwar Wuse da ya tashi yana yaron shago ya ga maigidansa ya faɗi ya tashi, ya ga gobara, ya ga kaya sun yi kwantai, ya san riba da asara tare suke kwana. Ma'aikaci kuwa ya yi shekara 35 a tsarin da ake hawa mataki bayan mataki, ba a cika sauka ba sai da laifi. A duniyarsa, koma baya alama ce ta tuhuma. Saboda haka idan ciniki ya ja baya, a zuciyarsa sai ya ji kamar an rage masa matakin albashi a bainar jama'a.

Daga nan sai shawarwarin kasuwanci su koma shawarwarin kare martaba. Za a kama hayar shago a babban rukunin shaguna mai tsada, don bai dace a ga tsohon darakta a lungu ba. Za a ɗauki 'ya'yan dangi aikin da babu buƙatarsa, a ba abokai kaya bashi don kada a ce ya zama marowaci. Aljihun shago da na gida su zama ɗaya, daga nan ake cefane, daga nan ake gudummawar biki. Ranar da asara ta bayyana kuma, maimakon a zauna a yi lissafi, sai a shiga ɓoyo. Kuɗin sallama su tafi, filin Lugbe ya bi su, a ci bashin ƙungiyar adashen ma'aikata, a taɓa gwal ɗin uwargida, duk don allon da ke ɗauke da sunan mutum ya ci gaba da tsayawa a bakin titi. Iyali su ne na ƙarshe da ke ji, galibi daga bakin masu bin bashi.

Ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da shekarun nan. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man NNPC na Abuja. Cikin kwanaki ta koma 537, a Oktoban 2024 ta haura 1,000. Dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar masu rukunin A fiye da sau uku, zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. A Disambar wannan shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari, Babban Banki kuma ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5. A cikin wannan guguwa ce manyan kamfanonin duniya irin su GlaxoSmithKline da Procter & Gamble suka sanar a 2023 cewa za su sauya salon harkarsu a Nijeriya, su janye daga yadda suka saba gudanar da ita. Waɗannan suna da ƙwararrun akantoci da jarin biliyoyi. Idan gidan burodin tsohon mataimakin darakta a Kubwa ya kasa jure tsadar fulawa da man dizal, wannan hukunci ne a kan farashi da lokaci. Bai ce komai ba a kan hankalin mutumin, balle darajarsa.

Duba ma wanda ake buga misali da shi a harkar arziki. Masaƙun da Alhaji Aliko Ɗangote ya zuba wa kuɗi sun rufe. Kamfanin tumatirinsa na Kadawa a jihar Kano, wanda aka buɗe a 2016, ya sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Kamfanin fulawar da ke ɗauke da sunansa kuwa, ya sayar da kaso mafi rinjaye ga Tiger Brands na Afirka ta Kudu a 2012, ya karɓe shi a ƙarshen 2015 a kan dala ɗaya bayan masu sayen sun tafka asara, sannan a 2019 ya sake sayar da shi ga Olam. Sunansa na jikin buhun, amma hakan bai hana shi rabuwa da kamfanin ba lokacin da lissafi ya nuna a rabu. Za a ce ai shi yana da abin da zai jure asara. Haka ne, kuma wannan ya ƙara wa darasin ƙarfi: idan mai rumbuna da yawa ba ya zuba hatsi a rumbun da ke yoyo, ina ga mai rumbu ɗaya?

Ita kanta doka ta daɗe da raba mutum da kamfaninsa. Sama da shekara 120 da suka wuce, kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta yanke, a shari'ar wani mai sana'ar takalma a Landan mai suna Aron Salomon, cewa kamfanin da aka yi wa rajista yana da nasa rai a idon shari'a, dabam da na mai shi. Dokokinmu sun gaji wannan ƙa'ida. Dokar Kamfanoni da aka sa wa hannu a Agustan 2020 ta ƙara sauƙaƙa lamarin: mutum ɗaya tilo na iya kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta kuma buɗe hanyoyin ceto kamfanin da bashi ya yi wa katutu ta hanyar sulhu da masu bin sa, kafin a kai ga rushe shi. Abin lura shi ne, rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda mutane suka fi yi saboda arha, ba ta gina wannan katanga. Bashin shagon bashin mai shi ne har gidansa. Katangar kamfani ma tana da ƙofa, domin wanda ya sa hannu ya tsaya wa kamfaninsa a banki da kansa ya buɗe ta, kuma kotu ba ta barin mazambaci ya laɓe a bayanta.

Dokar fansho ta 2014 ma da irin wannan hikima aka gina ta. Ma'aikaci na zuba kashi 8, gwamnati kashi 10, kuma a ranar ritaya ba a miƙa wa mutum duka abin da ya tara. Sai an bar abin da zai riƙa biyansa wata-wata. Mutane na gunaguni a kan haka, wani lokaci da hujja. Amma manufar ita ce kada abincin tsufa ya dogara ga sa'ar kasuwa. Wanda ya ci bashi da nufin biya daga fanshonsa don ya ceto shagon da ke nutsewa, ya rushe da hannunsa garkuwar da doka ta yi masa.

Mai karatu zai iya cewa wannan tunanin Turawa ne, domin a kasuwar Bahaushe suna shi ne jari. Maganar tana da tushe. A Kantin Kwari ana ɗaukar dilar atamfa ta miliyoyi da kalmar baki. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya tsaya a kan masu gida, waɗanda ke tsaya wa baƙin fatake idan an sayar da dabbobinsu bashi ga mahauta. Amma a duba da kyau abin da ake amincewa da shi a wannan tsari. Cika alkawari ne, da faɗin gaskiya idan abu ya ɓaci. Kasuwa ta san karayar arziki, tana kuma da al'adar tallafa wa wanda ya karye da gaskiyarsa: a yafe masa wani abu, a jinkirta masa wani, a ba shi kaya ya sake juyawa. Wanda kasuwa ba ta yafe wa shi ne wanda ya san ya nutse, ya ci gaba da karɓar kayan mutane yana sa babbar riga. Wato ƙoƙarin kare suna ta hanyar ɓoye asara shi ne ainihin abin da ke kashe sunan.

A laccarsa da aka buga a 1974 kan ma'anar mutumin kirki a wurin Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya tattaro siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu dukiya a ciki, babu muƙami. Duka goman mutum na iya fita da su daga shagon da ya rufe. Addini ma bai ɗauki gazawar biyan bashi a matsayin zubewar daraja ba: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta 282 ta umarci a rubuta bashi, malaman fiƙihu kuma sun ware babi guda a kan hukuncin wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa. Abdurrahman bin Auf ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya ya gode, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Abin da ya bari a Makka dukiya ce; sanin ciniki da amanarsa sun yi hijira tare da shi.

Saboda haka ga wanda ranar tafiyarsa ta matso, shawarata ita ce ya yanke wa kasuwancinsa iyaka tun kafin ya buɗe shi. Ya rubuta adadin da zai iya rasawa ba tare da gidansa ya girgiza ba, ya sanar da iyalinsa adadin, ya kuma ƙudurta cewa gidan zama da fansho ba sa cikin jari. Ya buɗe wa harkar asusunta dabam, ya yanka wa kansa albashi, ya bar wani wanda ba ya jin nauyinsa ya riƙa duba littafin duk wata uku. Ya sa ranar da zai tsaya ya auna, idan asara ta kai iyakar da ya rubuta, ya kira ma'aikatansa da masu bin sa bashi ya baje musu lissafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hadimi kuma ya tambayi kansa tun maigida na kan kujera: wannan kamfani nawa, akwai mai sayen kayansa idan ba don wanda nake bi ba? Idan amsar babu ce, to abin da yake riƙe da shi inuwar muƙami ce, kuma tare za su gushe.

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da hukumar SMEDAN suna da rawar takawa. Bitar da ake yi wa masu shirin ritaya ta cika mayar da hankali ga yadda ake kiwon kifi da haɗa sabulu. A ƙara mata yadda ake karanta asara, da bambancin rajistar suna da ta kamfani, da haɗarin jinginar da gida, da yadda ake rufe harka cikin tsari. Mu kuma sauran jama'a mu duba halinmu. Muddin wanda shagonsa ya rufe zai ga an daina miƙe masa a wurin ɗaurin aure, an daina neman shawararsa a taron dangi, to mu ne ke tura na bayansa su gwammace cin bashi da faɗin gaskiya. Mutumin da ya yi wa ƙasa aiki shekara 35 bai ci amana ba, sannan ya gwada kiwon kaji bai dace ba, ya biya ma'aikatansa haƙƙinsu ya rufe ƙofa, ya cancanci gaisuwar da ake yi masa a Sakatariyar Tarayya, har ma da ƙari.