Karatun labo: allo da alli ba su isa su fitar da ma'aikacin awon jini ba

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, iyaye da yawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa burinsu guda ne: yaro ya zama dokta. Wanda bai samu gurbi ba sai ya karkata ga karatun labo, a riƙa kallonsa kamar wanda mota ta tashi ta bari a tasha. Wannan kallo kuskure ne, domin takardar maganin da dokta ke rubuta wa mai ciwon suga ko mai ciwon ƙoda, a kan lambar da ma'aikacin labo ya fitar take tsayawa.

Nijar ba ta rasa wuraren koyon kiwon lafiya ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da André Salifou ta Damagaram, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi duk suna da tsangayar kimiyyar lafiya, ga makarantun ENSP, ga masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa. Abin tambaya shi ne awa nawa ɗalibi ke yi a gaban na'ura kafin a miƙa masa digiri. Biyoshimi ta asibiti, wato sanin sinadaran da ke cikin jini da fitsari da abin da hawansu ko saukarsu ke nufi, darasi ne da ake iya haddacewa tsaf a ci jarrabawa, a je asibiti kuma a fitar da sakamakon ƙarya ba tare da an sani ba.

A ɗauki awon suga. Idan aka ɗebi jini aka bar shi a kwalba ba a ware ruwansa ba, ƙwayoyin jinin suna ci gaba da cin sugan da ke ciki, yana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin ya fi sauri. Iyakar da ake cewa mutum na da ciwon suga ita ce giram 1,26 a lita idan bai ci komai ba. Dattijon da jininsa ya yini a kan tebur kafin a auna, ana iya ce masa lafiyarsa lau, ya koma gida ya ci gaba da shan shayinsa mai zaƙi. Haka idan an ja jinin da ƙarfi ko an jijjiga kwalbar har jajayen ƙwayoyi suka fashe, sinadarin potasiyom zai nuna ya hau, dokta ya firgita a kan cutar da babu ita. Ba kowace na'ura ce ke faɗin waɗannan abubuwa ba. Ido ne ke ganin ruwan jinin ya yi ja, kuma idon sai ya saba.

Ga batun firigo. Yawancin sinadaran gwaji ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kowa ya san halin wuta a ƙasar nan lokacin bazara. Sinadarin da ya kwana cikin zafi zai ba da lamba kamar kullum, sai dai ba ta gaskiya ba. Maganin wannan shi ne a fara auna ruwan gwaji wanda an riga an san adadinsa kowace safiya, kafin a taɓa jinin maras lafiya. Yana cin kuɗi, shi ya sa yake cikin abubuwan da aka fi saurin tsallakewa. Ɗalibin da bai ga ana yi a wurin staji ba, ba zai ji ciwon barinsa ba idan ya kama aiki.

Amosanin jini, wanda ya yi yawa a yankinmu har aka buɗe masa cibiya ta musamman a Yamai, ya ƙara nuna bukatar gwaninta. Gwajin Emmel yana nuna akwai sikila a jini, amma ba ya bambanta mai AS da mai SS. Sai gwajin elektroforez. Aure na iya ɗauruwa ko ya watse a kan wannan bambanci. Akwai kuma marasa lafiyar Maraɗi da ke dawowa daga Katsina ko Kano da takarda a milimol, inda 7 ke daidai da 1,26 na nan. Wanda bai iya juya lissafin ba zai rikita kansa da majinyacin.

Saboda haka ya dace ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kiwon lafiya su ɗaure lasisin kowace makaranta da sharaɗi a rubuce: labo mai aiki, firigo mai hasken rana, da adadin gwaje-gwajen da kowane ɗalibi zai yi da hannunsa, shugaban labon asibiti ya sa hannu a kai. Cibiyoyi irin su CERMES da manyan asibitocin Yamai, Maraɗi da Damagaram ba za su iya ɗaukar kowa staji a lokaci guda ba, don haka makarantar da ba ta da inda za ta tura ɗalibanta, a rage mata yawan waɗanda take ɗauka tun daga rajista.