Ranar Da Babu Iyayen, Wa Zai Riƙe Su?

A kusan kowace unguwar 'yan Arewa da ke Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Badun da ta Shagamu, akwai gidajen da ke da wani ɗa wanda baƙo ba ya taɓa ganinsa. Yana can ƙuryar ɗaki, an ja masa ƙofa. Shi ne wanda aka haifa ko ya tashi da raunin fahimta, watau jiki yana girma amma koyo yana yi masa wuya ƙwarai. Mutane suna kiransa dolo ko soko, wasu ma su ce ɗan ruwa ne. Lokaci ya yi da jama'a za su dubi zaman wannan bawan Allah da idon basira.

Da farko dai, raunin fahimta dabam, hauka dabam. Likitoci sun san sanadinsa da yawa: doguwar naƙuda wadda ke hana jariri numfashi, shawarar da ke kama jinjiri a makon haihuwa a ƙi kai shi asibiti, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ƙwaƙwalwa, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki. Wani kuma halitta ce tun daga ciki, kamar larurar da ake kira Down. A Zamfara, cikin 1 ga dubun misalai, gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe yara ɗaruruwa a 2010, ta kuma bar wasu da ƙwaƙwalwa a taɓe. Babu aljani cikin waɗannan duka, babu kuma laifin uwa. Saboda haka kuɗin da ake zubarwa wajen masu turare da mari, gara a kashe su wajen koya wa yaron abin da zai amfane shi.

A ƙauye irin wannan mutum ba ya rasa wurin zama. Gida babba ne, ga kaka, ga gwaggo, ga 'yan uwa. Yana kiwon awaki, yana ɗebo ruwa, duk gari an san ɗan wane ne, in ya yi nisa wani ya kamo hannunsa ya dawo da shi. A Ikko kuwa ɗaki ɗaya ne na haya, maigida ya fita tun asuba, titi cike da motoci, maƙwabta kuma ba su jin harshensa. Tsoro ne ke sa iyaye su kulle shi, babu mai musun haka. Amma yaron da aka kulle shekara 20, ana ba shi abinci a baki, ana yi masa wanka, ranar da uwar ta kwanta dama ba ya iya ko ɗaura zariyar wandonsa. Wasu sukan tura shi gida wurin tsohuwar da ita ma riƙo take bukata. Wasu kuma, abin kunya, su ba da shi ga mai jan bara, alhali kuwa gwamnatin Ikko ta haramta bara a titi, wanda aka kama kuma sai Majidun.

Abin da masana suka tabbatar shi ne, mafi yawan masu wannan larura suna iya koyon hidimar kansu, muddin an bi su sannu a hankali. Ba a koya musu aiki a dunƙule. Wanke hannu ma sai a rarraba shi: yau zuba ruwa, gobe shafa sabulu, a maimaita kullum a lokaci guda, a yaba masa in ya yi daidai, kada a karɓe aikin don ya yi jinkiri. Daga nan sai sa tufafi, sai gane takardun kuɗi ta launinsu, sai aike zuwa kantin bakin layi tare da ƙanensa, har ya zama yana zuwa shi kaɗai da takarda a aljihu mai sunan unguwa da lambar wayar gida. Aiki ne mai cin rai, ana iya yin wata 6 a kan abu guda. Uwar da ke wannan fama ta cancanci maƙwabta su riƙa karɓarta ko da yini ɗaya a mako, ta sami ta huta. 'Ya mace kuwa tilas a koya mata tsabtar jikinta da kuma cewa a'a, gama marasa tsoron Allah sun fi kai wa irinta hari.

Sa'an nan sai maganar sana'a. Kasuwar Mil 12 da ta Bodija da rumfunan goro na Shagamu cike suke da ayyukan da ba su bukatar lissafi: tsintar albasa, jera tumatir a kwando, ware goro, wanke kofuna a teburin mai shayi. Irin aikin nan na maimaici wanda ke gundurar wasu, sau da yawa su ne suka fi haƙuri da shi. Sai dai a biya su ladansu cif, kamar kowa. Mai rumfar da ya sa yaro aiki yini guda ya sallame shi da ƙanzo, zalunci ya yi, ko da ya kira abin taimako.

Doka ma tana bayansu. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda ta ce suna da ikon zama cikin jama'a kamar kowa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci, mai tarar N100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya karya ta, aka kuma kafa hukumar tarayya mai kula da su a 2020. Jihar Ikko tana da tata dokar tun 2011, da ofishin da ake kira LASODA. Amma iyaye nawa ne a Idi-Araba suka san ƙofar wannan ofishi? Takardun da Turanci suke, ɗan Arewa kuma yakan ɗauka abin na 'yan gari ne kawai.

Akwai kuma batun gado, wanda ba a son ambatonsa. Shari'a ba ta hana mai raunin hankali rabonsa ba. Abin da ta ce shi ne a naɗa amintacce ya tsare masa dukiyar, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi daga cikinta. Uban da ke da rumfa a Agege ya kamata tun yana da rai ya tara 'ya'yansa gaban liman da shaidu, a rubuta wanda zai zama waliyyi, da ɗakin da wannan ɗa zai ci gaba da zama.

Sarakunan Hausawa na Agege da Badun da Shagamu da Fatakwal suna da masu unguwanni da ke sanin kowane gida. Su sa a ƙidaya masu wannan larura, a kai sunayensu ofisoshin jihohi tare da tafinta, shugabannin kasuwa kuma kowace rumfa babba ta ɗauki mutum guda.